Fijo 504 da ta kama da wuta bayan an gama tayar da ita

Fijo 504 ce salun, cikin waɗanda aka haɗa a kamfanin PAN da ke Kakuri nan Kaduna. Ta mahaifin mai ita ce, bayan Allah ya yi wa tsohon rasuwa aka ɗora ta kan bulo a bayan gida ta yi shekaru a nan, tayoyi suka tsattsage, ɓeraye suka yi gida cikin kushin. Ɗan nasa ma'aikacin gwamnati ne, ba wani mai kuɗi ba, amma ya ƙudurta sai ya tayar da ita ta koma yadda ya santa lokacin da ake kai su makaranta a ciki, kuma wallahi ya yi ƙoƙari, duk wata in an yi albashi sai ya gutsura ya zuba mata. Fanabita ya yanke ruɓaɓɓen ƙarfe ya yi walda, mai fenti ya feshe ta fara ƙal, aka sauke inji aka yi masa aiki tun daga fistin har gasket, mai kushin ya ɗinka sababbi. Duk wanda ya ganta a layi sai ya tsaya ya tambaya ko ta sayarwa ce. Ba ta daɗe da komawa titi ba ta kama da wuta. Ni rewaya ne, aikin wayar mota shi ne sana'ata, kuma ban taɓa motar nan ba sai bayan gobarar, da aka jawo ta garejinmu don a ga ko akwai abin da zai tashi.

Sai mutum ya san irin wayar da 504 ta zo da ita kafin ya gane abin da ya faru. A 1968 motar ta fara fitowa a Faransa, su can sun daina yin salun ɗin tun 1983, mu ne nan Kaduna aka ci gaba da haɗa ta har wajen 2006, shi ya sa kayanta ba sa wuya a Panteka ko Kofar Ruwa ta Kano kuma kowane tsohon bakanike ya san injinta ciki da waje. Amma tsarin wutarta na wancan zamanin ne, an lissafa shi don fitilu da hon da waifa da tirafiketa da ɗan rediyo, fiyus ɗinta ma 'yan kaɗan ne. Shi kuma mai motar yana son a ido ta zama ta da, a ciki kuma ya ji daɗin motar yanzu, kuma ni ban ga laifin wannan ba. Aka sa mata esi, aka ƙara fankar lantarki gaban lagireto saboda esin, aka canja ƙwayayen fitilar gaba zuwa masu wat 100, aka ɗaura fitilun hazo biyu, aka sa babbar altaneta da aka ciro daga wata motar, daga ƙarshe aka sa amfilifaya da wufa a but. To kowanne daga cikin waɗannan hannu daban ne ya yi shi. Mai esi ya ja wayarsa ya karɓi kuɗinsa ya tafi, mai kiɗa ya zo ya ja tasa, fitilu kuma wani yaro ne a bakin titi ya haɗa su da daddare da tocilar waya, babu wanda ya tambayi na gabansa daga ina ka ɗauko wuta, babu takarda ko ɗaya da aka zana a ce ga inda wannan ta shiga ga inda ta fita.

Da yamma ne abin ya faru, yana dawowa daga aiki ya shigo layinsu mai ramuka yana lallaɓawa, sai ya ga fitilun dashbod sun yi dishi-dishi, kiɗa ya ɗauke, inji ya fara shaƙewa kamar zai mutu, sai warin roba mai ƙonewa. Ya tsaya ya kashe mota ya zare makulli, a tunaninsa shi kenan ya yanke wuta. Hayaƙi bai tsaya ba, ƙaruwa ma ya yi, yana fita ta gefen bonet da ta ƙasan dashbod. Ya ɗauko abin kashe gobara, irin ɗan mitsitsin nan da ake saya don a nuna wa 'yan rod sefti, ya matsa ya yi fus sau ɗaya ya tsaya, garin ciki ya riga ya dunƙule saboda daɗewa. Matasan layi suka taru kowa yana son taimakawa, wani ya ɗaga bonet gaba ɗaya, iska na shiga wuta ta tashi sama. Wani ya yi ta ihu a cire kan batir, kuma gaskiyarsa, amma babu sifana a motar, ga kan batirin an ɗaure shi tam, ga zafi ba mai iya kai hannu wurin. Da yashi da ruwan omo aka samu aka kashe ta. Alhamdu lillahi iyalinsa ba sa ciki, shi kaɗai ya ɗan ƙone a bayan hannu. Amma duk wayoyin ɗakin inji sun tafi, tiyon mai da kafireta da delko sun tafi, fentin bonet ya tashi, ƙasan dashbod ta gefe ɗaya ya narke, gilashin gaba ya tsage.

Kafin ma a kawo ta kowa ya gama yanke hukunci. Wasu sun ce ɓeraye ne suka ci waya tun tana ajiye, wasu sun ce fetur ne ya zuba kan inji, wasu sun ce baki ne ya kama ta don ta yi kyau da yawa. Shi kansa mai motar abin da ya fara ce min shi ne, Oga tsohuwar waya ce ko, dama an ce min in canja. Na ce masa ranka ya daɗe bari mu duba tukuna, wuta tana barin shaida in mutum bai yi saurin yayyanke komai ya zubar ba. Yadda ake yi, daga inda ƙunar ba ta yi tsanani ba ake farawa a bi ta har inda ta fi ci, inda fenti ya ƙone har ƙarfe ya fito tsirara. Sannan a dudduba wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Wayar da wuta ta zo ta same ta daga waje robarta ce take ƙonewa amma silin jan ƙarfen yana nan a jere, don jan ƙarfe sai zafi ya kai digiri 1085 yake narkewa kuma wutar roba da fetur ta ɗan lokaci ba kasafai take kai shi can ba. Wadda ta yi shot kuwa, wato silinta mai wuta ya taɓa ƙarfen bodi, daga ciki take dahuwa, za ka ga robar ta saki tun daga farko har wurin da ta taɓa, bakin silin kuma ya narke ya dunƙule.

Tsofaffin wayoyin kamfani duk daga waje suka ƙone. Wadda ta dahu daga ciki sabuwar ce, jar waya mai kauri da mai kiɗa ya ja daga kan laif na batir, wato kan da ke da alamar +, zuwa amfilifaya a but. Ya huda bangon ƙarfen da ya raba ɗakin inji da cikin mota da diril, bai goge bakin hudar ba, bai sa zoben roba ba, ya zura wayar haka nan, sai ya bi da ita ƙarƙashin kafet har baya. A bakin hudar nan na samu wurin da ƙarfen bodi ya narke ya yi ɗan gurbi da tartsatsin da ya daskare a gefe, ko yaron da ya fara koyon aiki in ya gani zai gane a nan ta haɗu. Duk lokacin da motar ta faɗa rami ko inji ya girgiza, kaifin ƙarfen yana yankar robar kaɗan kaɗan, har ranar da ya kai ga sili. Daga batir zuwa hudar wayar tsirara take, robar ta tafi gaba ɗaya. Daga hudar zuwa but kuwa, da muka ɗaga kafet, ja wur take kamar yau aka saye ta, ko ɗumi ba ta ji ba, saboda wutar ba ta bi ta can ba, daga batir ta fito ta shiga bodi a bakin huda ta koma batir. Kuma don aikin ya yi kyau a ido, ya naɗe guntun na ɗakin inji da salatif tare da damin wayoyin kamfani, ya ratsa da ita gefen tiyon da ke kai mai kafireta. Da ta yi ja sai ta kunna wa maƙwabtanta, tiyo ya huje, fetur ya shiga maganar.

Abin da ya fi taɓa min rai shi ne akwai fiyus. Mai kiɗan ya sa fiyus, mai kyau ma, a cikin gidansa na gilas, amma a but ya ɗaura shi dab da amfilifaya. Na ciro shi na auna da mita a gaban mai motar, lafiyarsa ƙalau, ko baƙi bai yi ba. Motar ta ƙone fiyus yana zaune a baya bai san abin da ake ciki ba, don matsalar ta faru tun kafin wuta ta iso gare shi. A nan ne mutane da yawa suke kuskure har da masu sana'ar, suna ɗauka fiyus don na'ura ake sa shi, don kada amfilifaya ko rediyo ya ƙone. A'a, waya yake karewa, kuma abin da ke bayansa kawai yake iya karewa. Duk tsawon wayar da ke tsakanin batir da fiyus a buɗe yake ba mai tsaronsa, to a motar nan tsawon ya kai kusan mita 5, don 504 kanta ta kusa mita huɗu da rabi. Masu haɗa kiɗan mota a Amurka ƙa'idarsu kada fiyus ya wuce inci 18 daga kan batir, masu wayar jiragen ruwa ma sun fi matsawa, inci 7 suke cewa, wato kamar taƙi ɗaya. Ni in wuri ya ba ni dama taƙi ɗayan nake bi.

Kuma mutane suna raina batirin mota don bolt 12 ne, za ka kama kawunansa biyu da hannu ba zai ja ka ba, sai a ga kamar ba shi da haɗari irin na wutar NEPA. Ba ja ne haɗarinsa ba, yawan abin da zai iya turowa lokaci ɗaya ne. Batir mai lafiya in ka haɗa laif ɗinsa da bodi kai tsaye ta waya mai kauri, ɗaruruwan amfiya yake sakowa, wani lokaci ya haura dubu, alhali mai waldar ƙofa da amfiya wajen 100 yake narka ƙarfe. Kuma wannan wayar ba ta bi ta makulli ba, dare da rana a raye take, shi ya sa zare makulli bai yi komai ba. Da a ce cikin dare ta ƙarasa yankewa, ko yaro ya jingina da motar ta motsa, a cikin gida take kwana kusa da tagar ɗakin yara. Na faɗa masa wannan don ya san girman abin da Allah ya tsare, ba don in tsorata shi ba. Wani zai ce ai wayar kik ma ba ta da fiyus a tsofaffin motoci, gaskiya ne, kik yana jan amfiya ɗari da wani abu zuwa sama lokacin tayar da inji, shi ya sa kamfani ya bar ta haka, amma dubi yadda suka yi ta, gajeriya, roba mai kauri, an ɗaure ta ba ta goga da komai, ba ta ratsa cikin mota.

Ita kanta wayar akwai magana a kanta. A ido kauri gare ta, amma da na yanka guntun da bai ƙone ba sai na ga robar ce ta yi yawa, silin ciki ɗan kaɗan ne, da na kankare shi da wuƙa kuma sai ga fari ya fito. Alminiyon ne aka yi wa rufin jan ƙarfe sama sama. Irin wannan ta cika kasuwa yanzu saboda arha, kuma abin da take iya ɗauka bai wuce wajen kashi 60 cikin ɗari na abin da jan ƙarfe mai kaurinta zai ɗauka ba, ga ta da saurin karyewa in tana girgiza, ga tsatsar fari da take yi a bakin tamina, kuma a digiri 660 take narkewa. Gane ta ba wuya, ka kankare sili ɗaya, ko ka kunna masa laita, jan ƙarfe zai yi ja ya tsaya a miƙe, wannan kuwa sai ya lanƙwashe ya zube. Ko a hannu ma ta fi sauƙin nauyi. Ba ita ta jawo gobarar ba, ko da ta gaske ce in babu zoben roba babu fiyus a gaba haka za ta yi, amma dama tana ɗumi duk lokacin da aka ƙure kiɗa, roba mai ɗumi kuma ta fi saurin yankuwa.

Da na zauna da mai motar na yi ta tambayarsa sai ga shi motar ta riga ta yi ta ba da sanarwa. Ya ce wani lokaci in ya faɗa rami da daddare fitilu sukan ƙifta, kiɗa ya ɗauke ya dawo. Ya ce ya taɓa jin ɗan warin roba ya ɗauka sabon fenti ne yake gasuwa. Batir kuma ya fara rauni da safe, ya je aka ce masa batirin ne ya gaji, ya sayi sabo wanda ya fi na da girma. Wato wayar tana taɓa bodi tana saki, tana tartsatsi na ƙiftawar ido, kowane tartsatsi yana ƙara cin robar. Fitila ta ƙifta daidai lokacin da aka faɗa rami, wannan ba ƙaramar magana ba ce wallahi, ko wani haɗi ne ya saki ko wata waya tana taɓa bodi, kuma duk biyun ba a kwana da su. Da a ranar wani ya bi jar wayar nan da hannu daga batir, a minti biyar zai tsaya a bakin hudar.

Sauran abin da muka tarar ba su suka tayar da wutar ba, amma kowanne yana jiran ranarsa. Fitilun gaba, ƙwan da aka saba mai wat 60/55 ne, guda biyu a babbar fitila wat 120 kenan, wajen amfiya 10. Da aka sa masu 100 sai ya koma wat 200, kusan amfiya 17, kuma duk ta cikin tsohon makunnin da ke jikin sitiyari yake bi babu rile, wato ɗan makunnin lantarki da ke ɗauke wa makunnin hannu nauyin wuta. Zafin da ke tashi a wurin haɗi ba daidai da ƙarin wutar yake ƙaruwa ba, in wuta ta ninka biyu zafi huɗu yake ninkawa, to a nan kusan ninki uku makunnin yake sha, da muka buɗe shi robar cikinsa ta riga ta yi ruwan ƙasa ta fara lotsawa. Fankar lantarki kuma da wayar gida aka haɗa ta, irin farar nan ta jona rediyo, aka ɗauko wutar daga bayan makulli. Wayar gida ba a yi ta don zafin ɗakin inji da mai da girgiza ba, robarta yawanci digiri 70 ce iyakarta, ta ɗakin injin mota kuwa yawanci ana yin ta ta jure sama da 100. Haɗe-haɗen duk murɗawa aka yi da hannu aka naɗe da salatif, salatif ɗin ma zafi ya sa gam ɗinsa ya saki. Mutum zai ce ai tana aiki. Tana aiki mana, amma haɗin da ya yi sako-sako ko ya yi tsatsa in ya samu turjiya ko ta om 0.05 ce, fanka kuma tana jan amfiya 20, wat 20 na zafi kenan a wuri ɗaya ɗan ƙarami cikin salatif, daidai da ƙwan fitilar birki wanda in ya ɗan jima a kunne ba ka iya riƙe shi. Kuma fiyus ba zai taɓa yankewa a kan wannan ba don wutar ba ta wuce ƙima ba. A gidan fiyus na kamfani kuwa, biyu an cire su an naɗa silin waya a gurbinsu, wai suna yawan yankewa. Fiyus in yana yawan yankewa magana yake yi maka, sai a nemo dalili, ba a toshe masa baki ba. Babbar altanetar ma a kan siririyar wayar cajin da ta zo da motar aka jona ta.

Sai maganar at, wato hanyar da wuta take bi ta jikin ƙarfen mota ta koma batir, wadda ita ce aka fi mantawa a motar da aka sauke wa inji aka kuma yi wa fenti. Wayar at mai faɗi da ke haɗa inji da bodi an mayar da ita, amma a kan sabon fenti aka ɗaure ta, ba a kankare wurin ba. Inji a kan roba yake zaune, to duk wutar da kik ya ja dole ta nemi hanyar komawa batir, in wayar at ba ta kama ba sai ta bi duk ƙarfen da ta samu, wayar cok, wayar totur, wayar sifidomita. A motar nan rigar wayar cok ta narke a ciki ta wurin dashbod inda gobarar ba ta kai ba, ya ce dama cok ɗin ya yi tauri kwanan nan kuma kik yana jan jiki da safe. Kun ga wani ɓangare na raunin da aka ɗora wa tsohon batir daga nan yake.

Mai motar ya tambaye ni ko ya je ya kama mai kiɗan. Na ce masa wannan shi zai yanke, amma ga yadda nake gani. Mutumin ya yi kuskure babba guda biyu, huda babu roba da fiyus a inda ba nan ne wurinsa ba, kuma ya kamata a kira shi ya zo ya gani da idonsa don akwai motocin mutane da yawa da ya yi wa irin wannan aikin suna yawo a gari. Amma wanda ya sayi gidan fiyus ya ɗaura ba mugu ba ne, haka ya ga ana yi a inda ya koya, ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce masa ga dalili. Inda nake ganin asalin ɓarakar take shi ne motar ba ta da mutum ɗaya da wutarta take hannunsa. Inji yana da mai shi, fenti yana da mai shi, waya kuwa kowa ya zo ya tsotsa ya wuce. Kuma shi ma mai motar ya faɗa da bakinsa, a kan fenti bai yi ciniki ba, launi ma sai da ya sa aka sake haɗawa, amma da aka zo kan waya mai arhar ya ce a saya don ba ganinta za a yi ba.

Ya yanke shawarar a sake tayar da ita, ni kuma na ce sharaɗina duk wayar motar daga fitilar gaba har ta baya a hannuna za ta kasance, duk wanda zai ƙara wani abu nan gaba sai ya zo mun duba takarda tare. Muka fara da takardar, muka rubuta kowane abu da wat ɗinsa, aka raba da 12 aka samu amfiyarsa, daga nan aka zaɓi kaurin waya sannan aka zaɓi fiyus wanda zai yanke kafin wayar ta ji jiki. Gidan fiyus da rile daga motar Beljiyam da aka farfasa muka ciro su, har da damin wayoyinta, don wayar kamfani ta tsohuwar mota mai lafiya ta fi sabuwar da ba a san asalinta ba. Fiyus masu ƙafa biyu muka koma, launinsu ma yana faɗa maka ƙarfinsu, ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Babban fiyus yana nan dab da batir, daga shi komai yake rabuwa in ban da kik. Fitilun gaba da na hazo da fanka da esi kowanne da rilensa, ƙafar rile mai lamba 30 daga fiyus, 87 zuwa kayan, 85 da 86 su ne makunni yake taɓawa, yanzu tsohon makunnin sitiyari ɗan abin da bai kai amfiya ɗaya ba yake ɗauka. Wayar caji aka canja ta da mai kauri daidai da altanetar. Babu murɗawa ko ɗaya, tamina ake matsewa da fulayar matsewa a ja da ƙarfi a ga ba ta zare ba sannan a sa robar da ke tsukewa da zafi. Duk hudar da waya ta ratsa akwai zoben roba, ɗakin inji duk cikin tiyon kariya suke, an ɗaure su nesa da salansa da tiyon mai. At kuma aka kankare har ƙarfe ya yi ƙyalli, aka ɗaure, aka shafa giris a kai don tsatsa.

Ranar da za a fara ba ta wuta ba mu ɗaura kan batir kai tsaye ba, ƙwan fitila muka sa a tsakani, in akwai shot a wani wuri ƙwan ne zai haska sosai maimakon waya ta dahu. Bayan nan aka auna tsakanin nagetif na batir da jikin inji ana kik, in ya wuce rabin bolt to at bai kama ba, namu bai kai ko kusa ba. Aka kashe komai aka auna abin da take sha a tsaye, tsohuwar mota irin wannan in ban da ƙwaƙwalwar rediyo bai kamata ta sha komai ba. Na sa masa makunnin yanke batir gaba ɗaya a inda hannu zai kai ba sai da sifana ba, in zai ajiye ta kwanaki ko ya ji wari sai ya murɗa kawai, rediyo zai manta tashoshinsa amma ya ce ya yarda. Abin kashe gobara ya sayi mai gari na kilo 2, an ɗaure shi gaban kujerar gefen direba ba a but ba, na ce ya riƙa duba allurar tana kan kore kuma ya riƙa juya shi yana girgizawa lokaci lokaci don kada garin ya dunƙule. Na kuma nuna masa da yaransa manya, in hayaƙi ya fito daga bonet a fitar da kowa tukuna, a yanke batir, a ja sakatar bonet ya ɗan ɗago kaɗan a fesa ta tsagar, ba a wangale shi. Amfilifayar ma an mayar, da wayar jan ƙarfe ta gaske mai milimita 16 da fiyus na amfiya 60 taƙi ɗaya daga batir, ta bi ta hudar kamfani mai roba, waccan hudar ta diril kuma fanabita ya toshe ta da walda kafin a sake fentin ɗakin inji.